Ɓera Ya Warke, Saura Mutum: Ra'ayi a Kan Gwajin Itatuwan Maganin Hanta

Gabatarwa

Duk wanda ya saba ratsa kasuwannin ƙasar Hausa da tashoshin mota ba zai rasa cin karo da masu tallar maganin gargajiya ba, waɗanda suke kafa lasifika a kan mota suna jero sunayen cututtuka tun daga basur har zuwa ciwon hanta. A da can, hujjar mai magani ba ta wuce gado. Yakan ce a wurin mahaifinsa ya karɓa, shi kuma ya gada daga kaka. A 'yan shekarun nan sai wata sabuwar hujja ta shigo bakin masu talla, watau cewa an gwada maganin a jami'a. Kalmar jami'a tana da nauyi a kunnen talaka, saboda haka da ya ji an ambace ta sai ya sa hannu a aljihu. Abin lura kuwa shi ne, sau da yawa maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Lalle an gwada itacen a wata jami'a, an kuma buga sakamakon a wata mujalla. Abin da mai talla ba ya faɗa shi ne wanda aka gwada wa maganin, watau ɓera, da kuma yadda aka gudanar da gwajin.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba irin wannan gwaji da idon basira. Ra'ayin da za a kare shi ne, gwajin ɓera mataki ne na farko mai amfani, amma an mai da shi masauki alhali kuwa zango ne. Za a kuma nuna cewa gyaran lamarin yana bukatar hannun masana harshe da al'ada kamar yadda yake bukatar na masana harhaɗa magunguna.

Hanta da Shawara

Hantar babban mutum takan kai nauyin kilo ɗaya da rabi. Ita ce matatar jiki, domin jinin da ya kwaso abinci daga hanji sai ya bi ta cikinta kafin ya watsu. Ita ke sarrafa magunguna da dafi, ita ke yin ruwan matsarmama, ita ke samar da sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Haka kuma Allah ya ba ta wata baiwa ta sake tofowa. Tun a 1931 masu bincike suka nuna cewa idan aka yanke kashi 2 cikin 3 na hantar ɓera, cikin kwana 10 ko ƙasa da haka za ta koma kusan girmanta na da. Wannan baiwa tana da muhimmanci ga abin da za a tattauna, domin hantar da ke iya warkar da kanta takan sa kowane magani ya yi suna.

Bahaushe ya fi sanin ciwon hanta ta fuskar shawara, watau idanu da fitsari su koma rawaya. To amma shawara alama ce wadda cututtuka da dama suka yi tarayya a cikinta. Ƙwayoyin ciwon hanta nau'in A da B da C da E suna kawo ta. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana kawo ta, haka ma amosanin jini, domin a cikinsu jini ne ke farfashewa. Tsakuwa a matsarmama tana kawo ta, jarirai sabbin haihuwa suna yin ta, sannan akwai zazzaɓin shawara wanda sauro ke yaɗawa. Wasu daga cikin waɗannan sukan wuce da kansu. Nau'in A, alal misali, ba ya zama a jiki, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan da suka kamu da nau'in B sukan rabu da shi ba tare da magani ba. Saboda haka idan mutum ya sha jiƙon saiwar rawaya mako uku, idanunsa suka washe, yana da uzuri in ya yaba wa rawaya, amma wannan bai isa zama hujja ba. Dalilin da ya sa gwaji ya wajaba ke nan, kuma a nan babu saɓani tsakanin wannan maƙala da masu gwajin.

Yadda Ake Gwajin

Tsarin gwajin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Mai bincike yakan samo ganye ko saiwa ko sassaƙen itacen, ya shanya a inuwa, ya daka, ya jiƙa garin a cikin ruwa ko wani sinadari mai kama da barasa da ake kira mitanol, ya tace, ya ƙafe ruwan har ya sami ɗanƙon maganin. Daga nan sai ya kasa fararen ɓeraye rukuni-rukuni, galibi 5 ko 6 a kowane rukuni. Rukunin farko ba a yi masa komai. Na biyu a ba shi guba kawai. Na uku a ba shi guba tare da silimarin, wani maganin hanta da ake tatsa daga wata ƙayar Turai, domin ya zama ma'auni. Sauran rukunan a ba su ɗanƙon itacen da ake gwadawa, misali miligiram 200 ko 400 a kan kowane kilo na nauyin jikinsu, tsawon mako ɗaya ko fiye, sa'an nan a ba su gubar.

Gubar da aka fi amfani da ita ita ce kabon tetirakulorayid, wani ruwa da a da ake wankin tufafi da kashe gobara da shi. Shi kansa ba ya cin hanta sai wani sinadarin hanta mai suna CYP2E1 ya sarrafa shi, ya mai da shi wani abu mai ƙuna wanda ke lalata kitsen bangon ƙwayoyin hanta. Guba ta biyu ita ce farasitamol mai yawa. Shi ma hanta ce ke mai da wani kashi nasa dafi, wanda a ƙa'ida wani makari da ke cikin hantar, gulutatayon, yake kashewa. Idan maganin ya yi yawa sai makarin ya ƙare, dafin ya faɗa wa hanta. An bayyana wannan a 1973. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a ɗebi jinin ɓerayen a auna wasu sinadarai biyu, ALT da AST, waɗanda ke tsiyayowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun fashe. A kuma yanki hantar a duba ta a madubin likita. Idan awon ɓerayen da suka sha itacen ya yi ƙasa da na waɗanda suka sha guba zalla, sai a rubuta cewa itacen yana kare hanta.

Ta wannan hanya an gwada zogale da maɗaci da marke da shuwaka da zoɓorodo da sabara da darbejiya da rawaya da wasu masu yawa. A 1985 Maurice Iwu na Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ya buga bincikensa a kan sinadaran namijin goro masu kare hanta, aikin da aka ci gaba da faɗaɗawa a Ibadan. Babu shakka wannan ƙoƙari abin yabo ne. Ya horar da ɗalibai, ya nuna cewa sanin magabata abu ne da ya cancanci a shiga da shi ɗakin gwaje-gwaje, ya kuma ware itatuwan da ya kamata a bi sawunsu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Inda Gizo Ke Saƙa

Matsala ta farko ita ce jerin lokaci. A yawancin gwaje-gwajen ana ba ɓera maganin ne kafin a ba shi guba. Majinyaci kuwa ba ya zuwa wurin mai magani sai cuta ta riga ta kama shi. Bugu da ƙari, tun da gubar ba ta aiki sai hanta ta sarrafa ta, duk itacen da ya dakushe sinadarin da ke sarrafawar zai fito a matsayin mai kare hanta, alhali abin da ya yi shi ne hana gubar haihuwa. Akwai misali daga gida. A 1995 wasu masu bincike, ciki har da na Jami'ar Jos, sun bi sawun wani nau'in rawaya da masana tsirrai ke kira Cochlospermum planchonii, suka gano cewa abin da ke ba da kariyar wani gishirin zinki ne mai dakushe ire-iren waɗannan sinadaran hanta. Wannan bincike ne nagari, domin ya faɗi dalili. Amma darasinsa shi ne, irin wannan kariya ba ta da abin da za ta yi wa hantar da ƙwayar cuta ta shekara 20 tana ci. Har ma akwai abin tsoro a ciki, domin itacen da ke dakushe waɗannan sinadarai yana iya jirkita aikin magungunan asibiti da majinyaci ke sha tare da shi.

Matsala ta biyu ita ce gubar kanta. Manomi a Bichi ko mai sayar da goro a Maraɗi ba zai taɓa shan kabon tetirakulorayid ba, balle ma an taƙaita yin sa a duniya tun bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. Shi kuwa farasitamol, wanda mutane ke sha da gaske, manyan ɓerayen gwaji suna da juriyarsa ƙwarai, ƙananan ne hantarsu ke lalacewa kamar ta mutum. Duk da haka ana yawan gwajinsa a kan manyan. Har ila yau, gubar farasitamol tana da makarinta tabbatacce, asitilsistin, wanda likitocin Edinbara suka fara yi wa mutane allurarsa a shekarun 1970, kuma ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8. Wanda ya haɗiyi ƙwayoyi fiye da ƙima, aka tsaya dafa masa zogale domin an ji cewa yana kare hanta, an yi masa asarar sa'o'in da ransa ya rataya a kansu.

Matsala ta uku ita ce abin da aka gwada ya bambanta da abin da ake sha. Tsohuwa a ƙauye ba ta san mitanol ba. Ita jiƙo take yi, ko ta dafa da jar kanwa, ko ta zuba garin a kunu ko fura. Sinadaran da mitanol ke fitarwa daga saiwa ba lalle ne su zama waɗanda ruwa ke fitarwa ba, kanwa kuma tana iya sauya su. Haka nan batun yawa. Bisa lissafin da masana ke amfani da shi, akan raba awon babban ɓera da 6.2 a sami kwatankwacin na mutum. Ke nan miligiram 400 na ɓera ya zama kusan 65 a kan kowane kilo na mutum, watau kusan giram 4 na tsantsar ɗanƙo ga mai nauyin kilo 60. Cikin ƙoƙo nawa na jiƙo ake samun wannan? Ba safai rahotannin suke amsa wannan tambaya ba.

Matsala ta huɗu ita ce, da wuya mai karatu ya ci karo da rahoton da ya ce an gwada itace kaza bai yi komai ba. Idan kowane ɗalibi ya ci jarrabawa, to jarrabawar ce abin tuhuma. Ɗalibin da ke neman digiri da malamin da ke neman ƙarin girma duk sun san cewa sakamakon da ya ce an dace shi ya fi saurin shiga mujalla. Wanda bai dace ba yakan kwana a aljihun tebur.

Darasin Silimarin

Babban abin da ya kamata ya sa masu gwajin su yi hattara shi ne tarihin ma'aunin nasu. An ware silimarin a Jamus a 1968, kuma ya sami shaidar ɓeraye mai tarin yawa. Amma da aka kai shi gaban mutane sai labari ya sha bamban. A 2012 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka a kan majinyata 154 masu ciwon hanta nau'in C. An ba wasu silimarin mai yawa tsawon mako 24, aka ba wasu ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da majinyaci ko likita ya san wadda aka ba wa wane ba. Da aka auna, babu wani bambancin kirki tsakaninsu. Inda silimarin ya sami gurbi na musamman shi ne allurar wani sashe nasa da likitocin Turai ke yi wa wanda ya ci wani naman kaza mai dafi. Idan wannan ne ƙarshen ma'auni, to rahoton da ya ce itace kaza ya yi daidai da silimarin a jikin ɓera bai faɗi abin da zai kwantar da hankalin majinyaci ba.

Itace Ma Yana Cin Hanta

Akwai wata magana da ta zauna a zukatan jama'a, cewa maganin itace in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. Tarihi ya ƙaryata wannan, kuma hanta ce ta fi shan wahalarsa, tun da ita ce ke fara tarbar duk abin da aka haɗiya. A 1954 likitoci a Jamaika suka ba da rahoton wata cuta mai toshe jijiyoyin hantar yara, wadda aka danganta da shayin wasu ganyayen daji. A shekarun 1970 likitocin Durban ta Afirka ta Kudu suka nuna cewa wata saiwa da Zulu ke kira impila tana kashe hanta da ƙoda. A yankin Saharanpur na Indiya yara sun yi ta mutuwa shekara da shekaru ana zaton ciwon ƙwaƙwalwa ne, sai wajen 2007 aka gano cewa 'ya'yan rai-ɗore suke ci, suna lalata musu hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Wannan rai-ɗore shi ne dai wanda ke fitowa a bayan gidaje a ƙasar Hausa, ana kuma dafa ganyensa don zazzaɓi. A Amurka ma wata ƙungiyar likitoci mai bin diddigin lalacewar hanta ta dalilin magunguna ta samu cewa kusan kashi 20 cikin 100 na majinyatanta a wajen 2013 magungunan ganye da na ƙarin kuzari ne suka ja musu. Ƙwayoyin kurkum da na koren shayi, waɗanda ake tallarsu da sunan gyaran jiki, suna cikin waɗanda aka kama da wannan laifi.

Saboda haka tambayar ko itace yana cutar da hanta ita ce ya kamata ta riga tambayar ko yana kare ta. Gwajin mako ɗaya ba zai nuna ɓarnar da ke taruwa a wata shida ba, kuma mai ciwon hanta wata da watanni yake yi yana sha. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Abin da Ke Cin Hantar Jama'a

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C, sannan su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a wannan shekara. A Nijeriya, binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B. Galibi tun suna yara suka kamu, daga uwa wajen haihuwa, ko ta cuɗanya da wasu yara, ko ta askar da ba a tsabtace ba wajen kaciya da tsaga da cire beli. Jaririn da ya kamu, sau 9 cikin 10 cutar takan zauna masa, ta yi shiru shekaru, sai ya zama magidanci ta bayyana da kumburin ciki ko aman jini ko sankarar hanta.

Abokin tafiyarta shi ne afalatokzin, dafin wata funfuna da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba. An gano shi ne bayan 1960, shekarar da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda ƙulin gyaɗar da aka kawo daga Barazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317 a Kenya, 125 suka rasu. Idan wannan dafi ya haɗu da nau'in B a hanta ɗaya, haɗarin sankara yakan ninka sau da yawa. Ƙasar da ta yi dalar gyaɗa, take kuma cin ƙuli-ƙuli da tuwon masara, ba ta bukatar a yi mata dogon bayani.

Waɗannan abokan gaba suna da makaman da aka riga aka tabbatar. Akwai allurar rigakafin nau'in B, wadda ta shiga jerin rigakafin yara a Nijeriya a 2004, ana kuma son a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Akwai tenofobir mai danne ƙwayar. Nau'in C kuwa, tun daga 2013 aka sami ƙwayoyin da ke warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 a mako 12. Ta fuskar amfanin gona akwai kyakkyawar shanya da ajiya, da kuma Aflasafe wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Hasarar da ta fi kowace girma ita ce ta magidancin da aka auna aka ce yana da nau'in B, ya ji tsadar asibiti, ya koma wa kwalbar da aka ce an gwada a jami'a, ya shekara biyu yana sha, bai dawo ba sai da ciki ya kumbura. Lambar hukumar NAFDAC da ya gani a jikin kwalbar ma ba shaidar warkarwa ba ce, domin matakin farko na rajistar maganin gargajiya lafiyar shan sa yake dubawa, shi ya sa ake rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Wannan rubutu kuwa da Turanci yake, cikin ƙananan baƙaƙe.

Ana iya cewa talaka ba shi da zaɓi, kuma hana shi rawaya ba tare da ba shi tenofobir ba zalunci ne. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba a nufin a hana kowa komai. Abin da ake nufi shi ne kada jami'a ta ara wa mai talla rigarta. Talaucin majinyaci dalili ne na a ƙara tsananta gaskiya a kan abin da ake sayar masa, tun da kuɗin da ya kashe a kan kwalba shi ne na awon jinin da bai yi ba.

Aikin da Ke Jiran Sashen Hausa

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗalibin Hausa da ɓeraye? Amsa ita ce, kowane gwaji daga kalma yake farawa. Mai bincike ya ji an ce itace kaza yana maganin shawara, sai ya rubuta da Turanci cewa ana amfani da shi don ciwon hanta, ya nufi ɗakin gwaji. Bai tambaya wace shawara ba. Idan shawarar da mai maganin yake nufi ta zazzaɓin cizon sauro ce, to gwajin da ya dace shi ne na ƙwayar zazzaɓi, kuma an ɓata ɓeraye a banza. Tantance abin da masu magani suke nufi da shawara da farar shawara da ciwon hanta, gari da gari, aikin mai nazarin ma'ana ne.

Haka nan sunayen itatuwa. Itace ɗaya shi ne darbejiya a wani wuri, dogon yaro a wani wuri, bedi ko maina a wani. Suna ɗaya kuma yakan hau tsiro biyu, kamar gangamau, wanda ake kiran kurkum da shi, ake kuma kiran wata saiwa mai rawaya da Hausawan Gana suka sani, Cryptolepis sanguinolenta. Rawaya kanta nau'i biyu ce a wurin masana tsirrai. Har yanzu madogarar da aka fi komawa gare ta ita ce aikin J. M. Dalziel, wanda ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Shekara fiye da 100 ke nan. Ya kamata a ce ɗaliban sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Yamai da Damagaram sun sabunta shi, kowane suna da karin harshensa, da samfurin tsiron a ajiye a ma'adanar busassun tsirrai.

Sai kuma kalmomin haɗi: jiƙo da tsimi da dafuwa da turare da surace, da abin da ake haɗawa da shi, da lokacin ɗiba, da abin da ake hana majinyaci ci. Mai ganin waɗannan ƙananan abubuwa ne ya tuna da Tu Youyou ta ƙasar Sin. Ita da abokan aikinta sun yi ta tafasa wani tsiro dangin tazargade ba su sami biyan bukata ba, sai da ta koma wa wani littafin ƙarni na 4 ta ga cewa jiƙa shi ake yi a matse. Ta bar zafi, aka sami atimisinin a 1972, maganin zazzaɓin da ya ceci miliyoyi, ya kuma ba ta kyautar Nobel a 2015. Karatun tsohon rubutu da kyau shi ya buɗe wannan ƙofa. Ƙasar Hausa ma tana da nata rubuce-rubucen. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi talifi a kan magunguna, ciki har da na basur, ga kuma kundayen ajami da ke hannun malamai da wanzamai.

Aiki na ƙarshe shi ne mai da sakamako ga masu shi. An karɓi sani daga bakin tsofaffi da Hausa, an buga shi da Turanci a mujallun da ba za su taɓa gani ba, sai mai lasifika ya zama shi ne tafinta. Kamata ya yi kowane bincike ya fito da taƙaitaccen bayani da Hausa, mai faɗin abin da aka gwada, da wanda aka gwada wa, da abin da ba a tabbatar ba tukuna.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana ba da shawarar abubuwa kamar haka. A gwada maganin yadda ake shan sa. A fara da neman cutarwarsa ta dogon lokaci. A riƙa ba da shi bayan guba, kuma a zaɓi gubar da jama'a ke haɗuwa da ita, irin su afalatokzin da magungunan tarin fuka. A buga sakamakon da bai dace ba kamar yadda ake buga wanda ya dace. Maimakon a gwada itace 100 sau ɗai-ɗai, a zaɓi biyu ko uku a raka su har gadon asibiti. Wannan ba gagara-badau ba ne, domin cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta yi haka da Niprisan, maganin amosanin jini da aka samo daga wani mai maganin gargajiya, aka kai shi har gwajin mutane, aka buga sakamakon a 2001.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai magani yana da gado, masanin harhaɗa magunguna yana da ma'auni, likita yana da majinyaci, ɗalibin Hausa kuma yana da harshen da zai sa su fahimci juna. Kafin su haɗu, duk wanda ya ji an ce an gwada magani a jami'a yana da haƙƙin ya tambaya: a kan wa aka gwada? Idan aka ce ɓera, to ya je a auna jininsa, ya kuma kai jaririnsa rigakafi. Allah ya sa a dace, amin.